Muhawara: Idan an gauraya hoton gaske da na kwamfuta, dole ne mai kallo ya ga mahaɗar?

Ummi Zane: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambayata ga masu haɗa bidiyo ce da masu sauti. Muna shirya wani aiki da za a haska a bango da majigi: marina ce ta gaske, hannun marini na gaske, ramin baba na gaske, da kyamara muka ɗauka. Amma shuɗin zai taso daga ramin ya haye sama ya zama hadari, wannan ɓangaren kuwa kwamfuta ce ta ƙirƙira shi. Abokin aikina ya ce gwanintar ita ce kada kowa ya gane inda kyamara ta tsaya, kwamfuta ta karɓa. Ni kuma raina bai kwanta da hakan ba. Me kuka gani?

Abba Edita: Wa alaikumus salam Ummi. Abokin aikinki na kan hanya. Tun asalin sana'ar abin da ake yi ke nan. Georges Méliès a Faransa, tun 1896 yake tsayar da kyamara, ya cire mutum daga gabanta, ya ci gaba da ɗauka, 'yan kallo su ga mace ta ɓace ɓat. Wa ya kira shi maƙaryaci? A Jurassic Park na 1993, dabbobin da kwamfuta ta zana kusan minti shida kawai suka ci a fim ɗin, sauran mutum-mutumi ne masu inji da Stan Winston da yaransa suka ƙera. Har gobe mutane ba sa iya ware wannan da wancan, kuma shi ya sa fim ɗin bai tsufa ba. In mahaɗa ta fito, aiki ne bai nuna ba.

Ɗan Fagge: Irin na wasu 'yan uwanmu da za ka ga jarumi tsaye a Dubai amma gefen kunnensa kore shar 😂

Abba Edita: To ka gani. Wannan koren ƙyallen da ake ratayawa a bayan jarumi, daga baya a maye gurbinsa da wani wuri a kwamfuta, shi ne ya watsa masa haske a jiki saboda an manna shi da bango. Ba ƙarancin kuɗi ba ne, rashin kula ne. Ja shi gaba taku biyar, ka haska ƙyallen daban, ka haska mutum daban, magana ta ƙare.

Ummi, in za ki ɓoye mahaɗa, haske ne farko. Ido ba ya damuwa da ko abu ya yi kama da gaske, abin da yake bincika shi ne ko rana ɗaya ce ta haska su duka. In ranar marina ta fito ta hagu, hadarinki ya sha haske ta dama, ko yaro zai ji wani abu bai yi daidai ba, ko da ba zai iya faɗar mene ne ba. Wani mai bincike, Paul Debevec, ya nuna dabarar a 1998: ka ajiye ƙwallo mai sheƙi kamar madubi a wurin da ka ɗauki hoto, ka ɗauki hotonsa sau da yawa, daga mai duhu zuwa mai haske, sai ka yi amfani da wannan hoton ka haska abin da ka zana a kwamfuta. Har yau ana yawo da ƙwallon nan a wurin ɗaukar manyan finafinai. Bayan haske sai inuwa, musamman 'yar baƙar nan da ke daidai inda abu ya taɓa ƙasa. Sai dishi-dishin motsi, sai yashi-yashin nan da kowace kyamara ke bari a hoto. Abin da kwamfuta ta zana yana fitowa tas, ya fi ƙarfin tsabta, dole ki ɓata shi da gangan kafin ya zauna.

Malam Bala Mai Hoto: Salamu alaikum. Yara kuna magana kamar jiya aka fara. Mu da muka riƙe sutudiyo tun ana wanke fim a ɗaki mai duhu, labule muke rataye wa. Akwai mai jirgin sama, akwai mai gidan bene da furanni, akwai mai Ka'aba. Mutum zai zo da Sallah da sabon ɗinki, ya tsaya gaban jirgi, ya ɗora hannu a kan tarho wanda ko waya babu a jikinsa. A kai hoton ƙauye a rataye a ɗaki. Shin uwarsa ta ɗauka ya hau jirgi? Ko kusa. Ga tabarmar sutudiyo nan ta leƙo a ƙasa, ga lanƙwasar labule ana gani. Kowa ya san wasa ne, kuma kowa ya san abin da hoton ke faɗa: ga inda nake fatan zuwa. A Gana akwai Philip Kwame Apagya, shi labulensa har da firji cike da kaya da talabijin da filin jirgi, kuma hotunansa sun shiga gidajen baje kolin Turai. Turawan da suka saya ba don an ruɗe su suka saya ba. Bakin labulen nan da ake gani shi ne daɗin hoton.

Ranar da abin ya fara ba ni tsoro ita ce ranar da yaran shago suka iya Photoshop, aka fara kawo mana hoton mutum a ce a sa shi kusa da wani babba suna gaisawa. Da mai labule da wannan duk haɗi ne, amma ɗaya buri ne, ɗaya shaidar zur.

Ummi Zane: Allah ya ƙara girma Baba. Wallahi abin da nake ta laluben yadda zan faɗa ke nan.

Abba Edita: Ranka ya daɗe Malam, na yarda da kai a kan hoton gaisawa. Amma aikin Ummi ba shi ba ne. Wane mai hankali ne zai ɗauka baba ya tashi sama ya zama hadari?

Nura Sauti: Duk kun tattara a kan ido kun bar kunne, kamar kullum. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a wannan aikin ji ne ke tsaya wa gani shaida. Ku gwada: ku ɗauki bidiyon da AI ya yi na kasuwa, ku kalla shiru, za ku ga aibinsa nan take. Ku ɗora masa hayaniyar kasuwa ta gaske, da hon ɗin Adaidaita, da mai tallan ruwa, da kiran sallah can nesa. Rabin aibin ya tafi. Ƙwaƙwalwa ta ji abin da ta sani, sai ta yafe wa ido.

Kuma mu masu sauti mun daɗe muna haɗi ba wanda ya tuhume mu. Tun zamanin Jack Foley, mai haɗa sautin fim a kamfanin Universal, takun sawu da ƙarar ƙofa da motsin riga a sutudiyo ake yin su bayan an gama ɗauka. Kofaton doki ɓawon kwakwa ne. Ba wanda ya taɓa neman a rubuta masa hakan a allo.

Ɗan Fagge: To shi ke nan, kowa ɓarawo ne, a tashi taro.

Nura Sauti: Tsaya mana, ban gama ba. Akwai inda ya zama rigima. A 2021 an fitar da wani fim na tarihin rayuwar Anthony Bourdain, mai dafa abincin nan na Amurka da ya rasu a 2018. Darakta Morgan Neville ya sa an koya wa kwamfuta muryarsa, ta karanta wasu 'yan jimloli da mamacin ya rubuta amma bai taɓa furtawa ba, aka cusa su tsakanin muryarsa ta gaske ba tare da an faɗa wa mai kallo ba. Duka-duka bai kai minti ɗaya ba. Da maganar ta fito, aka yi ca a kansa, matar mamacin ma ta fito ta ce ita ba ta ba da izini ba. Ku lura, kalmomin nasa ne, ba a ƙaga masa ko ɗaya ba. Amma da mutane suka sani, sai suka koma suna zargin kowace jimla a fim ɗin. Ƙaramin jabun ya ci amanar babban gaskiyar da ke kewaye da shi.

Shi ya sa nake jin haushin masu ɗora muryar mawaƙanmu da suka rasu a kan baitin da ba su taɓa yi ba. Kiɗan kalangun na gaske ne, an yanko shi daga tsohon kaset, shi ke sa tsoho ya ji ya ce Allah sarki, ashe akwai wannan ban sani ba.

Anti Rabi: Na biyo ku tun daga sama. Abba, ƙanena, inda muka rabu da kai shi ne ka ɗauki fim ɗin dodanni ka auna komai da shi. Wanda ya sayi tikitin fim ɗin dodo ya san alƙawarin da aka yi masa tun daga ƙofa. Tambayar ita ce wane alƙawari aikin ya ɗauka wa mai kallo.

Ga misali uku, kusan lokaci ɗaya suka faru. Refik Anadol, haifaffen Istanbul mazaunin Los Angeles, ya kafa aikinsa Unsupervised a gidan baje koli na MoMA a New York a Nuwamban 2022. Allo ne ƙafa 24 tsawo, ƙafa 24 faɗi. An ciyar da na'ura bayanan ayyukan fasaha fiye da 138,000 na gidan, tana ta narkar da su tana fitar da siffofi masu kwarara, da sauti, kuma hasken wurin da motsin mutane da yanayin garin suna canza abin da ke fitowa. Gaske da ƙirƙira sun cakuɗe har ba a rabewa. An soke shi, mai sharhin fasaha Jerry Saltz ma ya kwatanta shi da fitilar adon nan mai narkakken kaki da ake ajiyewa a falo. Ni ma, in faɗi gaskiya, bayan minti goma a bidiyo na ƙoshi. Amma ba wanda ya ce an yaudare shi, don aikin bai taɓa cewa ga abin da ya faru ba.

Na biyu ɗan ƙasarmu ne, Malik Afegbua na Legas. A farkon 2023 hotunansa suka zagaye duniya: tsofaffi maza da mata cikin kaya na alfarma suna taku a dandalin nuna ado. Babu tsohon da ya tsaya gaban kyamara, babu bikin da aka yi. Mutane da yawa sun ɗauka gaske ne. Shi bai ɓoye ba, ya faɗa cewa AI ne, ya kuma ce rashin lafiyar mahaifiyarsa ce ta sa ya so ganin tsofaffi cikin ƙarfi da kwalliya. Wannan ɗan'uwan labulen Malam Bala ne, buri ne aka zana.

Na uku Boris Eldagsen, Bajamushe. A 2023 ya ci wani rukuni na gasar hoto ta Sony da hoton mata biyu, baƙi da fari, kamar wanda aka tsinto a akwatin kaka. Ya hau dandali ya ce ba zai karɓa ba, don ba kyamara ce ta ɗauka ba, kuma yana so a yi magana a kan bambancin. Hoton ya yi kyau. Abin da ya dame shi shi ne an ajiye shi a layin da aka yi wa mutane alƙawarin cewa haske ne ya faɗa kan wani abu mai rai.

Abba Edita: Anti, ai duk misalanki sun goyi bayana. Ba ɗaya a cikinsu da ya bar mahaɗa a fili cikin hoton. A baki suka faɗa, ko a takardar da ke gefen bango.

Anti Rabi: Yawancinsu a ɗakin baje koli suke, da takarda a bango. Aikin Ummi minti nawa zai yi kafin wani ya ɗauka da waya ya yanke daƙiƙa ashirin ya tura zauren dangi? Takardar bango ba ta bin bidiyo zuwa WhatsApp.

Abba Edita: Akwai maganin wannan a fasahance. Tun 2021 Adobe da Microsoft da BBC da Intel da wasu suka kafa C2PA, wato a liƙa wa fayil tarihinsa: wace kyamara ta ɗauka, me aka taɓa, da wace manhaja. Kamfanin Leica ya fitar da kyamarar M11-P a 2023 da abin a cikinta. YouTube ma tun 2024 yana neman ka bayyana in ka sa abin da aka ƙirƙira mai kama da gaske.

Nura Sauti: Abba, nawa ne kuɗin Leica? 😅 Kuma ɗaukar allo ɗaya ya wanke tarihin nan tas.

Ibrahim Damagaram: Sannunku. Ni damuwata ba hadarin shuɗi ba ce, wannan kowa ya san zane ne. Damuwata ita ce abin da ke bayan marinin. Ummi, na san yadda aikin nan yake: za ki ga falwaya da kwanon rufi da allon talla sun shigo hoto, sai ki ce wa na'ura ta share ta cike miki da tsohon gini. Nan ne ɓarnar take, don shi ne ɓangaren da ba wanda zai yi zargi.

Ku ce wa kowace manhaja ta zana muku tsohon birnin Hausa ku gani. Za ta ba ku ƙofofin Maroko, ko masallacin Jenne da sandunansa, da mutane da rawanin da ba na kowa ba. Zanko ba ya zama inda ya kamata. Ba ta san tubali ba, ba ta san azara ba, ba ta san bakan gizo a cikin soro ba, zanen bango kuwa sai ta yi wani shirme mai kama da dagi amma ba dagi ba. Ba laifinta ba ne, hotunanmu kaɗan ne a abin da aka ciyar da ita. Kuma ga su nan suna yawo a Facebook, an rubuta musu Kano a shekarar kaza, yara suna ta Allah sarki da. Nan da shekara goma ɗalibi zai sa su a kundin bincikensa.

Malam Bala Mai Hoto: Na ga ɗaya an sa wa dogari shuɗiyar riga. Na ce to, wannan fadar a wata duniyar take.

Ibrahim Damagaram: Shi ya sa nake raba abu biyu da ake haɗa su a kira su duka na kwamfuta. Akwai wanda aka auna, akwai wanda aka kintata. Andrew Tallon ya auna cocin Notre-Dame na Paris da na'urar leza, ɗigo fiye da biliyan ɗaya, shekaru kafin gobarar Afrilun 2019. Abin da ya bari a kwamfuta yake, ba hoto ba ne irin na kyamara, amma kowane ɗigo a cikinsa ya taɓa dutse na gaske. Yanzu kuma abin ya sauko hannun talaka. Dabarar da masu bincike na cibiyar Inria a Faransa suka fitar a 2023, wadda ake kira Gaussian splatting, da bidiyon waya kawai za ka zagaya gini, kwamfuta ta gina maka shi ta yadda za ka shiga ka fita ta kusurwar da ba ka taɓa tsayawa ba. In Ummi na son tsohon bango a bayan marini, ta je ta auno na gaske a cikin birni. Mu nan unguwar Birni da gidan Sarkin Damagaram suna nan, hasumiyar Agadas na nan. Ta narkar da shi, ta juya shi, ta sa shi ya yi rawa da kiɗa in ta so. Aƙalla zankon namu ne.

Abba Edita: Wannan na karɓa hannu biyu. Amma ku sani shi ma yana ƙarya a inda kyamara ba ta leƙa ba. Bayan gini, saman rufi, sai ya cike da wani hazo-hazo da tsinke-tsinke.

Ummi Zane: Yaya Abba, ai ni wannan hazon nake so! In an bar shi, shi da kansa yana cewa nan ido ya kai, nan bai kai ba.

Abba Edita: Ke dai kin riga kin yanke hukunci, shaidu kike nema 😄 To in haka ne ki yi shi da gangan, kada ya zama kamar kasawa. Bar wa ɓangaren kyamara yashinsa da rawar hannunsa. Na kwamfuta ki bar shi sumul, ko ki rage masa yawan hotuna a daƙiƙa ya riƙa ɗan tsalle. Kada ki tsaya a tsakiya. Rabin ɓoyo shi ne mafi muni, shi ke haifar da kunnen Ɗan Fagge.

Ɗan Fagge: Kunnena lafiya lau yake Malam.

Anti Rabi: Saura abu ɗaya ba a taɓo ba. Marinin nan ya san me za a yi da hannunsa da fuskarsa? 'Yan wasan Hollywood sun yi yajin aiki daga Yuli zuwa Nuwamban 2023, kuma cikin manyan abin da suka tsaya a kai har da cewa ba za a kwafi siffar mutum a kwamfuta a riƙa juya ta ba sai da yardarsa da biyansa. Su suna da ƙungiya da lauyoyi. Dattijon marina ba shi da kowa sai kunyarki. Duk abin da zai sa mai kallo ya tsaya ya yarda da aikin nan, daga shuɗin da ya kama faratansa ya fito. Aro kika yi. Ki nuna masa abin kafin a haska, in akwai inda ya ce a'a, a cire. Kuma kada a sa bakinsa ya motsa da maganar da bai yi ba, ko da yabon sana'arsa ce.

Malam Bala Mai Hoto: Hajiya ta gama magana. Hadisi ne ingantacce, wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Kuma asalinsa a kan mai abinci ne da ya sa jiƙaƙƙe a ƙasa, busasshe a sama. Ba a hana shi sayar da jiƙaƙƙen ba, cewa aka yi me ya sa bai sa shi a sama mutane su gani ba.

Abba Edita: Allah ya saka Malam. Ni dai har yanzu ina nan a kan cewa akwai aikin da bayyana mahaɗa ke kashe shi, kuma ba kowane ɓoyo ne algus ba. Da za a ce masu The Mandalorian, shirin nan na duniyar taurari, su riƙa nuna inda yashin sutudiyo ya ƙare, katangar allon LED mai nuna hoton wurin a bayan 'yan wasa ta fara, da ba wanda zai kalla. Cikin dalilan da suka sa suka koma allon ma har da cewa sulken jarumin yana sheƙi, koren ƙyalle zai fito a jikinsa. Amma na yarda marina ba duniyar taurari ba ce, akwai ta, kuma mutumin yana da 'ya'ya da za su gani.

Nura Sauti: Ummi, sautin fa? Kada ki sauko da na intanet. Ki je da makirfo ki ɗauko ƙarar tsoma zane a rami, da ɗigar ruwa in an ɗaga, in da hali ki biya ta wajen masu bugu ki ɗauko dukan nan nasu mai amsa juna. A manhajar TouchDesigner za ki iya ɗaure motsin hadarin da ƙarfin bugun, duk saukar itace shuɗin ya zabura.

Ummi Zane: Wannan shawarar ta biya ni. Malam Ibrahim, bangon da zan auno, wane lokaci ya fi? Na ji an ce rana tana ɓata shi.

Ibrahim Damagaram: Inuwa ce ke ɓata shi, tana mannewa a jikin ginin har abada, in kin zo canza haske a kwamfuta ta ƙi fita. Ki je da sassafe kafin rana ta ɗaga, ko ranar da hazon hunturu ya rufe ta. Ki kulle hasken kyamara kada ya riƙa hawa da sauka, ki yi tafiya a hankali, zagaye ɗaya a tsaye, ɗaya a durƙushe, ɗaya waya a sama. Ki roƙi yara su ba ki wuri, duk wanda ya gifta sai ya bar fatalwarsa a ciki. Kuma ki fara gaida mai unguwa kafin ki ɗaga waya.

Ɗan Fagge: In ana neman mai korar yara ina nan, kuɗin shayi kawai.